Randa Uku da Barmil Ɗaya

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar sobiya wankin randa ne, kuma shekara biyu cur na yi a kansa kafin a bar ni in taɓa sha'ir. Abin da ya tuna mini da wannan, wata magana ce da jikata ta yi a azumin bana, a nan Rusaifa, unguwarmu a Makka. Ta same ni ina tace sobiya da tsumma, sai ta kwashe da dariya ta ce, "Ya sitti, kakata, mene ne abin wahala a nan? Sha'ir ne da ruwa da sukari, a jefa a firiji, halas, an gama." Na ci gaba da aikina, don bakina da azumi, kuma na san halin harshena. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ba da labarin yadda muka yi aikin nan tun babu firiji, babu ƙanƙara, babu famfo a gidan kowa.

Wanda bai san sobiya ba, ya ɗauke ta 'yar uwar kunun zaƙi, sai dai ita da sha'ir ake yinta, kuma barinta ake yi ta kwana ta ɗan yi tsami kafin a sha. Mutumin Makka zai iya buɗa baki babu nama bai damu ba, amma in babu sobiya sai ya ɗaure fuska har asham. Ni a Misfala na koya, unguwar da Takari, wato mutanenmu na ƙasar Hausa da kewaye mazauna Makka, suka fi yawa a lokacin, wurin Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina. Ita kuma a gidan wasu Makkawa ta tsinci sana'ar, tana yi musu wanki tana leƙen madafa. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta ni ina 'yar shekara tara, ana saura kaɗan a fara yaƙin duniya. Mace ce 'yar firit mai kaifin ido, kuma ba ta iya yabo ba. In ka yi daidai shiru take yi, da shirun nan za ka gane ka yi daidai.

Randunanta uku ne, irin waɗanda ake kira zir a nan, masu tsinin gindi, kowace a kan ƙafar katako. A wani lungu suke, tsakanin ɗakinta da katangar maƙwabta, inda rana ba ta leƙawa sai iska. Ba a wanke su da sabulu, don in sabulu ya shiga jikin yumɓu ya shiga ke nan. Soson dabino ne da ruwan zafi. Zan zura hannu har kafaɗa in dirje gindin, inda dusar sha'ir take kwanciya ta yi yauƙi, in ɗauraye, in kife, sannan a turara ta da mastaka, wani ƙaro mai ƙamshi. In na gama Gwaggo za ta zo ta shafa yatsa a can ƙasa ta kai hanci. In ta ji abin da bai yi mata ba, soson kawai za ta miƙo mini. Randar tsakiya ta fi zurfi, ta fi kuma sa ni kuka.

Da aka yarda in taɓa sha'ir, sai na ga ashe wankin ma hutu ne. A tsince, a wanke, a shanya, a ɓarza a dutsen niƙa, kada ya zama gari kuma kada ya tsaya tsaba. A zuba a randa tare da busasshiyar gurasa, a cika ruwa, a rufe da faifai, ya kwana ya wuni. Sai a tace sau biyu da farin tsumma, a sa sukari da ƙirfa da hel, 'ya'yan ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, a ƙara ludayi guda na sobiyar jiya. Wannan ludayin shi muke kira uwa, shi ke tayar da sabuwar. Dalilin randa uku ke nan: ɗaya tana jiƙo, ɗaya tana nuna, ta ukun an wanke ta an kife tana shan iska. Gwaggo ba ta taɓa zuba sobiya a randar da ba ta huta ba. A lokacin na ɗauka tsabar son wahalar da ni ne.

Ga abin da masu firiji ba su sani ba. Daga lokacin da sukari ya haɗu da uwa, sobiya tafiya take yi, ba ta tsayawa. Da fari ɗanya ce, ruwan sha'ir mai zaƙi kawai. Sai ta nuna, ta yi ɗan tsamin nan da ke tsinka yawu. In aka bar ta ta ci gaba, sai ta ƙetare, wadda ta ƙetare kuwa sunanta giya. A Makka, giya a gidan mutum magana ce ta bulala da kurkuku. Mu Takari kuma namu ya fi na kowa muni, don dama akwai masu yi mana kallon mutanen da suka biyo ta Sudan suka koyo abin da bai kamata ba. Mace ɗaya ta yi kuskure, unguwa guda za a shafa wa. Jarin mai sobiya ba randa ba ce, yardar mutane ce: mai azumi ya karɓi abin da ta ba shi ya kai baki bai shinshina ba.

Wahalar kuma ita ce, ranar da aka fi bukatar sobiya ita ce ranar da ba ki da ikon ɗanɗanawa. Na tuna azumin farko da Gwaggo ta ja ni lungun randuna da la'asar.

"Ta nuna ko ba ta nuna ba?" in ji ta.

Na ce, "Gwaggo, ai ina azumi."

"Ni ma ina yi. Kunnenki ma azumin yake?"

Ta danna kaina jikin randar. Da fari ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Can sai na ji wata 'yar ƙara siririya, kamar ana soya abu a gida na uku.

"Wannan ita ce ta nuna," in ji Gwaggo. "In kika ji ta fara ɓuɓɓuga kamar tukunyar wake, kin makara. Yanzu kawo tafin hannunki."

Ta ɗora shi a jikin randar daga waje. Sanyi ƙalau, da ɗan danshi. Ta ce randa gumi take yi, gumin nan shi ke sanyaya abin da ke ciki, ya hana shi gudu. Duk ranar da na ji cikin randa ya yi ɗumi, in sauke in tace ko da lokaci bai yi ba. Da kunne da tafin hannu muka yi aikin nan shekara da shekaru, ba a taɓa samun randa ɗaya da ta ƙetare a gidanmu ba. Wannan abin alfahari ne, amma shi ya cuce ni daga baya, don na girma ban san warin wadda ta ƙetare ba.

Masu sayenmu na kullum 'yan garuwa ne da masu dako, su suka fi kowa ƙishi. Sai matan unguwa, kowace da kwanonta, kowace da ƙorafinta. In lokacin aikin hajji ya zo sai baƙi su ƙaru. Mutanen Jawa suna son sukari ya yi yawa har cokali ya nemi tsayawa. Alhazanmu na gida kuwa in sun kurɓa sai su ce kunu ne ko ba kunu ba, sannan su nemi ƙari. Akwai wani tsoho Basakkwace da ya yi wata biyu yana zuwa kullum yana gaya mana furar garinsu ta fi, bai kuma fasa zuwa ba har ranar da ayarinsu ya tashi.

Shekarun yaƙi su ne baƙar shekara a wurinmu. Jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa, alhazai suka yi ƙaranci, sha'ir ya zama abin nema, sukari kuwa sai labari. Gwaggo ta koma yi da ɓawon gurasa da take bi gidaje tana karɓa, ta zaƙaƙa da dabinon da ya fara bushewa. Sobiyar ta fito ja-ja, ba ta da kyan gani, amma ta sha. Randa ɗaya muke cikawa, ita ma rabi. Duk da haka sauran biyun sai an wanke an turara, wai kada su manta aikinsu. A ƙarshen shekarun nan aka yi mini aure da wani ɗan garuwa, Idi, mutum mai haƙuri da son sabon abu. Ba a daɗe ba Gwaggo ta kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abarsa. Ta bar mini randuna uku da ludayin duma da tsumman tata. Na yi kewarta ƙwarai, har yau in na turara mastaka sai na tuna ta.

Da yaƙi ya ƙare gari ya buɗe, kaya suka dawo, mutane suka samu abin hannu. Ana saura wata guda azumi sai ga Ammi Salih a ƙofar gidanmu. Wani Bamakke ne mai gidan gahawa a bakin kasuwa, inda mutane ke taruwa shan ruwa. Ya ce ya sha sobiyata a wurin wani ɗan dako, yana so in riƙa kai masa kullum har salla. Da ya faɗi yawan da yake so, na ga ya kai cikin randa biyar.

Na ce, "Ya Ammi, randa ɗaya nake saukewa a rana."

Ya ce, "To ki ƙara kaya, ya binti, 'yata. Wata guda gare ki."

Nan fa muka zauna shawara ni da maigidana, sati guda ba mu da wata hira. Hanya ta farko ita ce a ƙaro randuna. Amma in za a sauke biyar a rana a bisa tsarin Gwaggo, goma sha biyar ake bukata, lungunmu kuwa uku yake ci. Ga wanki, ga fashewa, ga sabuwar randa sai ta yi kwanaki tana shan ruwa kafin warin ƙasa ya bar ta. Hanya ta biyu dasti ne, babbar tukunyar tagulla da ake shafe cikinta da kuza. Na je har wurin maƙeran tagulla na gani, abu mai kyau kamar a sa a ɗaki. Maƙerin ya yi mini gaskiya, ya ce abu mai tsami yana cin shafen, in ya cinye kuma tagulla za ta yi kore, koren nan dafi ne. Na gode masa na fito. Akwai masu yi a tanaka, wato garwar kananzir da aka wanke, amma ni ko an wanke ta sau ɗari ina jin kananzir a maƙogwarona.

Sai maigidana ya dawo wata rana yana ta fara'a. Ya ga barmil, wato durom, a wurin wani mai kawo kaya daga Jidda, sabo fil, na farin ƙarfe, da murfi mai murɗawa da ɗan famfo a gindi.

"Kulu, wannan shi ne maganin abin," in ji shi. "Ki jiƙa da kauri a randunanki uku, ki tace a cikinsa, ki tsinka da ruwa. Ba ya fashewa, ƙuda ba ya shiga, ba sai kin zura ludayi ba. Ki murɗa famfo kawai, ni kuma in ɗauka in kai."

Ba zan ɗora masa laifi ba, don da na je na gani ni ma ya shiga raina. Shekarata ashirin, ina ganin na gama sanin sobiya, kuma na gaji da zura hannu har kafaɗa. Muka kawo barmil, matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Da aka zo shigar da shi lungu sai ya ƙi shiga, ya fi ƙofar faɗi. Muka ajiye shi a tsakar gida, maigidana ya kafa masa rumfar tabarma. Ban tsaya na yi tunanin cewa watannin azumin da na koyi aiki a cikinsu bayan zafi ya lafa suka faɗo ba, wannan kuwa ya faɗo tsakiyar zafi, lokacin da dutsen Makka ke gasa ƙafa ta cikin takalmi.

Ranar farko abin ya yi kyau har na ji haushin shekarun da na ɓata. Da la'asar maigidana ya cika garewaninsa ya yi ta kaiwa. Da barmil ya ƙare na watsa ruwa na girgiza, na buɗe famfo ya fita, na zuba sabuwa nan take, don babu na biyu da zai karɓe shi ya huta. Hannuna ba ya kaiwa gindinsa, kuma famfon ya ɗan ɗara ƙasa da kamar yatsa uku, kullum sai guntu ya rage a ciki. Na ga guntun, na ce ai uwa ce, na kuma ƙara tawa uwar a kai, ludayi biyar tunda randa biyar ce. Rana ta biyu Ammi Salih ya aiko da yabo. Rana ta uku ya ce mutane na cewa sobiyar tana da rai, tana tsikarar harshe. Na sha da magariba na ji ta yi kaifi, amma yabo ya toshe mini kunne.

Rana ta huɗu iskar samum ta taso tun hantsi, irin wadda in ta buge ka kamar an buɗe tanda. Da azahar na je in saurari barmil yadda na saba. Ina kai kunne na janye, ƙarfen ya ƙona ni. Na naɗa gyale na sake kaiwa, ban ji komai ba sai gunji irin na ƙarfe. Na ɗora tafin hannu, zafi. Amma jiya ma da zafinsa, shekaranjiya ma haka, to me zafin zai gaya mini? Nan na fara tsarguwa, don na ga duk abin da Gwaggo ta koya mini da yumɓu yake aiki, ƙarfe bai san shi ba.

Da la'asar maigidana ya shigo da sandarsa da garewani. Na ce ya dakata in buɗe murfin tukuna. Ina murɗawa ya yi tsaki mai ƙarfi, kumfa ta biyo baya ta zubo ta gefe. Wani wari ya bugi hancina, mai zaƙi-zaƙi, mai hawa kai. Ban san shi ba, shi ma maigidana a Makka aka haife shi, bai san shi ba. Muka tsaya muna kallon juna. Sai na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata Yaya Zainabu, wadda ta yi shekaru a Sudan kafin su samu ƙetarowa. Tana shigowa ta ja birki tun daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da mayafi.

"Innalillahi. Kulu, rufe ƙofar nan. Wannan ai marisa ce, giyar Sudan. Na zauna kusa da gidan da ake dafa ta, ko a mafarki na ji warin nan na san shi."

Na zauna a kan turmi. Maigidana ya rufe ƙofa ya dawo yana magana ƙasa-ƙasa.

"In aka tsinka da ruwa sosai, aka ƙara sukari fa?"

Na ce, "Maigida, masu azumi ne za su buɗa baki da ita."

Ya yi istigfari, kunya ta kama shi. Ya ce to a mayar da murfi a rufe, in mutane sun tafi asham ya kwashe ya zubar a bayan dutse, Ammi Salih kuma a ce masa ba ni da lafiya. Yaya Zainabu ta ce hakan ya fi, Allah ya rufa asiri. Ni ma raina ya so hakan, ba zan ɓoye ba. Amma ina zaune ina jin iskar nan tana kwasar warin tana haurawa da shi katanga, kuma ba Yaya Zainabu kaɗai ce ta biyo ta Sudan a Misfala ba. In aka zo aka same shi a rufe, ƙofa a kulle, ba mai cewa kuskure ne, gidan giya za a ce. Ga kuma ta jiya da na riga na sayar tana cin raina.

Na ce, "Maigida, buɗe ƙofar. Ka je ka kira mini Malam Bawa."

Malam Bawa shi ne limamin zawiyar unguwarmu, dattijo mai tsanani, wanda kowa ya san ba ya shan sobiyar kowa. Yakan ce abin da ke tsakaninsa da haram wuni ɗaya ne, shi ba ya kusantarsa.

"Duk malaman Misfala ki rasa wanda za ki kira sai shi?" in ji maigidana.

"Shi ɗin nake so. In an kira mai sauƙi, cewa za a yi an rufa mini."

Malam ya zo da sandarsa, ya yi sallama, ya tsaya nesa da barmil. Bai bukaci a gaya masa ba. Na durƙusa na ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba.

"Hauwa'u, ta yau ko cokali ya fita daga gidan nan?"

"Ko ɗigo, Allah gafarta Malam."

"Ta jiya fa?"

"Ta yi kaifi, Malam. Na ji, na kuma sayar."

Ya juya wurin maigidana ya tambaye shi ko ya sha ta jiyan. Maigidana ya ce, "Kwano biyu, Allah gafarta Malam. Na kuma yi asham a Harami tun daga farko har wutiri, ban ɓata ko raka'a ɗaya ba."

Na ga gemun Malam ya motsa, amma bai yi dariya ba. Ya ce ta jiya ba ta kai ba, Allah ya kiyaye. Ta yau kuwa a zubar yanzu-yanzu, ido na ganin ido, a haƙa rami a binne kada awaki su sha.

Sahu biyar maigidana ya yi daga gida zuwa gindin dutse, a daidai lokacin da kowa ya fito ƙofar gida yana jiran igwar shan ruwa. Malam yana gaba, garewani a tsakiya suna tashin wari, ni ina baya. Duk wanda ya tambaya, Malam da kansa yake amsawa: "Sobiya ce ta ƙetare. Mai ita ce ta kira ni." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na riƙa jin da ma ƙasa ta tsage. Mutanen Ammi Salih da ruwa suka buɗa baki a ranar. Washegari ya aiko cewa ya samu wani mai kawo masa, ban kuma ga laifinsa ba.

Barmil dai aka dirje shi da toka da ruwan zafi, maigidana ya mai da shi ma'ajin ruwa, ya kuma yi mana shekara ashirin yana wannan aikin ba tare da ya ba mu matsala ba. Kayan kirki ne, ni ce na sa shi aikin da ba nasa ba. Daga baya na ga masu yin sobiya a barmil lafiya lau, amma biyu suke saye su riƙa hutar da ɗaya, ga su da ɗaki mai sanyi, ga ƙanƙara ta zo gari. Duk wadda ta zo neman shawarata a kan kayan da za ta saya, abu ɗaya nake tambayarta: in kina azumi, da me za ki san abin da ke cikinsa? In ba ta da amsa, nakan ce ta sayi randa.

Na koma lunguna da randuna uku, ɗaya a rana. Sai dai masu saye sun ɗauke ƙafa. Matan da ke cika mini gida da ƙorafi suka koma aikawa wata unguwa. Ba wanda ya zage ni, gaisuwa ma har ta fi ta da, amma ba mai miƙo kwano. 'Yan garuwa abokan maigidana ne kawai ke zuwa, su ma ina ganinsu suna kai kwanon hanci kafin su kai baki, abin da ya fi komai yi mini ciwo. Kwana goma ina sauke randa ina rabar da fiye da rabi sadaka. Na fara tunanin in azumi ya wuce in koma wanki a gidajen Makkawa.

Ranar sha biyar ga wata, ana dab da shan ruwa, layinmu cike da mutane, sai na ji sallama da ƙarfi a ƙofar gida, irin ƙarfin da ake yi don maƙwabta su ji.

"Ina mai sobiya?"

Na leƙa. Malam Bawa ne, da ɗan kwanonsa a hannu. Na ɗauka wata maganar ce ta taso.

"Cika mini," in ji shi. "A kuma ba ni tabarma, a nan zan sha ruwa."

Maigidana ya shimfiɗa masa a bakin ƙofa, a fili inda kowa ke gani. Na cika kwanon na miƙa masa. Ya ajiye shi a gabansa ya ja carbi. Igwa ta tashi. Ya ci dabino ɗaya, ya yi bisimilla, ya ɗauki kwanon ya kafa kai, bai shinshina ba. Sai da ya shanye tas ya goge gemu.

"Shekara talatin ina garin nan ban taɓa kai abin nan bakina ba," ya ce, ba ni yake kallo ba, mutanen layi yake kallo. "Ban san wadda zan yarda da ita ba ne. Yanzu na san wadda in ta lalace za ta faɗa." Sannan ya juyo ya miƙo mini kwanon. "Amma 'yata, sukarinki ya yi kaɗan."

Na shige lungun randuna na yi kukana na more. Washegari Malam ya dawo da kwanon da ya fi na jiya girma, kuma sai da ya bi layi.